Yadda Nake Wanke Filtar Lantarki ta Esi a Gidajen Legas

Ranar wata Talata cikin hunturun bara, ina ƙarƙashin gadar Pen Cinema a Agege ina jiran mota, sai ga wayar wata Hajiya da nake duba wa esi a Ikeja GRA. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Malam, don Allah ka zo yau. Abin nan na cikin silin tun jiya yake harbi, tas! tas! kamar ana kashe sauro da raket. Na sa an kashe komai, ga mu nan muna ta fifita."

Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, in sha Allahu ba gobara ba ce. Yaushe rabon da a wanke shi?"

Ta yi jim, sannan ta ce, "Au, da ma wanke shi ake yi?"

Shekara goma sha huɗu ke nan ina gyaran esi da firji a garin nan, kuma sau nawa na ji wannan tambayar, ya fi a ƙirga. Mutum zai zuba kuɗi ya sa filtar lantarki saboda yaro mai asma ko tsohuwa mai tari, daga ranar da aka ɗaura ta kuma babu mai sake leƙa ta. Ba na ganin laifin masu gida sosai. Filtar raga ta yau da kullum in ta cika toshewa take yi, iska ta ragu, sanyi ya ja baya, dole ka san da matsala. Ta lantarki kuwa ko ta yi dumu-dumu da datti, iska na wucewa abinta ta tsakanin farantanta, ɗaki na yin sanyi, 'yar fitilarta na ci, alhali ta daɗe da ajiye aiki. Ƙurar da ya kamata ta kama sai ta wuce ta laƙe a kwayil, wato bututun cikin esi da ke sanyaya iska, ta yi baƙin zane a jikin silin kusa da inda iska ke fitowa, saura kuma ku shaƙe.

Wanda ya taɓa goga biro a gashin kansa a aji ya ɗauki gutsuren takarda da shi, ya riga ya san rabin karatun. Haka wanda ya tuna yadda gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya ke kwasar ƙura ko da safe aka goge shi. A cikin akwatin filtar, iska tana fara ratsa wata raga ta alminiyam da ke tare gashi, zare da manyan ƙwari. Bayan ragar akwai siraran wayoyi a miƙe, sirantarsu kamar gashi, ɗauke da wuta mai ƙarfin gaske, a manyan na'urori wajen bolt 8,000. Duk ƙwayar ƙura ko hayaƙin da ta gifta kusa da su sai ta ɗauki caji. Gaba kaɗan ga farantai na alminiyam jere reras, 'yar tazara tsakaninsu, su ke janyo ƙurar da ta ɗauki caji ta manne a jikinsu. Wayoyin da farantan a haɗe suke cikin firam guda, shi muke kira sel. Dabarar ma tsohuwa ce: wani Ba'amurke, Frederick Cottrell, ya fito da ita tun 1907 don kama hayaƙin masana'antu, daga baya aka ƙanƙanta ta ta shigo gidaje.

Da zarar datti ya lulluɓe farantan, ƙarfin jansu ya mutu. Shi ya sa ba ka jira sai ka ga alama.

Irin wannan babban sel a gidajen da ke da esi na tsakiya ake samunsa, mai bututun iska a cikin silin, irin na Ikoyi, Lekki, Banana Island da wasu gidajen GRA. Mu talakawa da esin bango muke, shi ma kuma wasu suna da ƙaramar irinta a ciki. Zan zo kanta. Bari in fara da babban, don a kansa aka fi yin ɓarna.

Kashe wuta tukuna. A Legas wannan maganar tana buƙatar ƙarin bayani, don "an ɗauke wuta" ba ya nufin babu wuta. Gida ɗaya sai ka tarar da layin NEPA, da janareto mai tashi da kansa, da inbata, da sola. Ka kashe esin a makunninsa, ka kashe makunnin filtar, sannan ka je ka sauke birekarsa, ka kuma gaya wa maigadi kada ya ɗaga komai sai ka ce. Bayan haka ka ba shi kamar minti ɗaya, don farantan suna riƙe caji ko an yanke wuta. Yawancinsu suna da maɓallin gwaji a jikin ƙofa. In ka danna shi sau biyu ko uku, ragowar cajin ya fita. Wutar da ke saura ba mai yawa ba ce, amma tana fizgar hannu, kuma mutum yana bisa tsani a bakin silin, ga bakin farantan kamar reza. Yarona har yau akwai tabo a bayan hannunsa. Sa safar hannu.

Kafin ka zaro komai, ɗauki hoto da wayarka. A jikin sel akwai kibiya mai nuna inda iska ke bi, kuma ragar tana zama ne ta ɓangaren da iska ke shigowa. Bayan awa uku, ka gaji, ba za ka tuna ba. Ka kama sel ta mariƙinsa ko ta firam, ka zaro shi a miƙe, kada yatsa ya shiga tsakanin wayoyi.

Ka fito da shi haske ka dube shi da kyau kafin ruwa ya taɓa shi. A gidan Hajiya, abin da na tarar shi ne wata tsaka ta shiga tsakanin farantai biyu ta bushe ƙayau, ƙura ta taru a kanta ta zama gada, wuta ke tsallakawa ta kanta. Harbin ke nan. Kyankyaso ma yana yi, haka yanar gizo-gizo, haka farantin da ya lanƙwashe ya kusanci ɗan'uwansa. In ka ga lanƙwasasshe, ka miƙe shi a hankali da bakin filaya har tazararsa ta zo daidai da ta sauran. Ka ƙirga wayoyin kuma, ka ga ko akwai wadda ta tsinke.

Ragar gaba daban ake wanke ta, ko bayan an gama da sel, don in ka haɗa su a ruwa guda, gashi da zaren da ke jikinta za su koma su maƙale a farantai. Karkaɗe ta, ruwa da sabulu, ɗauraya, shi ke nan. Ba ta da wahala.

Shi sel jiƙa shi ake yi, ba a dirza shi. Nemi babban bahon roba da zai shanye shi gaba ɗaya. Ni da tsohon bahon wankan yara nake yawo a bayan mota, ana yi mini dariya, amma ban ga abin da ya kai shi ba. Zuba ruwan zafi, irin zafin da hannu ba zai daɗe a ciki ba, ba tafasasshe ba. Masu ƙera na'urar cewa suke a sa sabulun injin wanke kwanoni, to gida nawa ne a nan ke da wannan injin? Sabulun ruwa na wanke-wanke yana yi. Narkar da shi a ruwan tukuna, sannan ka nutsa sel a hankali ka bar shi minti 15 zuwa 20. Daga nan ka kama firam ka riƙa ɗaga shi kana mayarwa cikin ruwan, yadda ruwa zai ratsa tsakanin farantai ya kwaso abin da ya jiƙa. Ruwan zai koma kamar na kwata. Zubar, ɗauraye, sake jiƙa shi a ruwan zafi mara sabulu kamar minti 10. Taɓa ruwan da ke tsiyaya daga jikinsa: in kana jin santsi a yatsa, da sauran sabulu, a sake ɗauraya.

Abubuwan da na hana yarana kusantar sel da su: soda, bilic, da ruwan wankin kwayil ɗin nan mai tashin kumfa. Duk suna cin alminiyam, su bar shi da kaushi, datti ya samu wurin kamawa. Soson ƙarfe ma haka. Na taɓa zuwa wani gida a Ajah na tarar direba ya kai sel biyu wurin wankin mota an feshe su da injin matsi. Sun yi fes kam, amma rabin wayoyin sun tafi, farantan sun kwanta kamar gero bayan iska. In bayan wanki ka ga farantan sun ɗan dusashe ko sun yi tabo fari-fari, ƙyale su, ba ƙyalli ake nema ba.

Dattin Legas ba irin na Kano ba ne. Can gida ƙura ce busasshiya, ko hura ta ka yi ta tashi. Nan kuwa ƙurar tana haɗuwa da hayaƙin janareto, da na danfo da tireloli, da tururin man suya daga kicin, ga danshin teku, sai ta zama wani baƙin maiƙo mai kama hannu. A gidajen mutanenmu kuma akwai ƙari guda da babu shi a littafin kowane kamfani: turaren wuta. Ina shiga gida na buɗe sel na ga farantai sun yi ja-ja kamar an shafa musu zuma, ƙamshi na tashi, na san uwargida ba ta wasa da kasko. Hayaƙin turare da ƙaro da sukari da mai a cikinsa, kuma filtar ba ta san bambancin ƙamshi da wari ba, kama shi take yi duka. Irin wannan jiƙo ɗaya ba ya fitar da shi, sai biyu, wani lokaci uku, kowanne da sabon ruwan zafi.

Ruwan ɗaurayar ƙarshe ma abin lura ne. Ruwan burtsatse a wurare da yawa na Lekki da Ajah ja ne, da ƙarfe da gishiri a ciki. In ya bushe a kan 'yan fararen maƙalan da ke raba farantai da firam, yana barin wani gari-gari da wuta ke bi, sai ka ji na'ura na tsatsa ba dalili. A irin waɗannan gidajen nakan sa a sayo jakar fiya wata guda in yi ɗaurayar ƙarshe da ita. In babu, ruwan da esi ke ɗigarwa a waje, in an tare shi a bokiti mai tsabta an tace, ya fi na burtsatsen nesa ba kusa ba, don ba shi da gishiri.

Sai wayoyi. Su ne ran na'urar, su ne kuma aka fi mantawa da su. Ko bayan jiƙo sukan riƙe wani farin abu da ya daskare a jikinsu, wanda ke hana su ba ƙura caji. Ɗauki auduga a tsinke, ka ɗan jiƙa ta da sifirit, ka bi kowace waya daga sama zuwa ƙasa, hannu sakwa-sakwa kamar mai share wa jariri ido. Kada ka ja, kada ka danna. In ɗaya ta tsinke, ka cire guntayen duka biyu da filaya don kada su taɓa faranti. Na'urar za ta iya lallaɓawa da giɓin waya ɗaya kafin a samo sabuwa. Kada wani ya ce zai ɗaura maka siririyar wayar tagulla a madadinta. Ta asali da ƙarfen tangistan ake yin ta, da 'yan zobba a bakinta da ke shiga maƙalinsu. Rubuta lambar na'urar ka tambaya a Alaba International, in babu sai a yi oda daga waje. Ka goge 'yan ƙarafan da ke saman sel inda wuta ke shiga masa. Gidajen bakin ruwa iskar gishiri na sa su tsatsa.

Yanzu mun zo inda na fi so a saurare ni. Wanki kowa zai iya. Shanya ce ke raba gwani da ɗan koyo, kuma ni da kuɗina na sayi wannan karatun.

Ina shekara ta biyu a hannun maigidana, wani dattijo Bayarabe a Mushin, ya tura ni Victoria Island ni kaɗai ranar wata Juma'a cikin watan Yuni. Wanda ya san Legas ya san Yuni: ka shanya riga yau, jibi ma da sanyi-sanyinta. Na wanke sel tas, na girgiza, na goge bayansa da tsumma. Na duba agogo, ina so in samu masallaci, ina kuma tsoron gosulon gadar Third Mainland. Na taɓa farantan waje na ji sun bushe, na ce ai shi ke nan. Na mayar, na rufe, na ɗaga bireka. Sai ƙara ta ɓarke kamar ana soya gyaɗa a cikin silin, kafin in sauko daga tsani in kai ga makunni, ƙaurin roba ya cika falo. Akwatin da ke ƙara ƙarfin wutar ya ƙone. Maigidana bai yi mini tsawa ba. Ya ɗauko sel ɗin, ya karkata shi a gabana, ruwa ya ɗigo daga lungun firam, ɗis, ɗis, a kan takalmina. Ya ce, "Aboki, wannan ruwan kai za ka biya shi." Wata uku ana cira daga ɗan abin da yake ba ni.

Ruwa yana ɓuya ne a kusurwoyi da jikin fararen maƙalan nan, inda ido ba ya kai wa. Don haka bayan ɗauraya ka tsayar da sel a tsaye, ka ɗan jingina shi ya tsiyaye, bayan wani lokaci ka juya shi ɗaya gefen. Kunna masa fanka ta tsaye ta riƙa busa ta tsakanin farantai. Da hunturu awa biyu zuwa uku sun isa. Da damina ni kwana nake ba shi, in kuma mai gida ya matsa, in ce ya yi haƙuri, esin zai yi aiki ba sel, ragar gaba kawai za a mayar. A inuwa ake shanya, cikin baranda ko ɗaki, ba a tsakar gida kusa da janareto ba, in ba haka ba kafin ya bushe ya sake kwasar abin da ka wanke. Wata dabarar: ka mayar da shi mazauninsa, makunnin filtar a kashe, ka kunna fankar esin kaɗai ba sanyi, ta yi ta busa shi awa ɗaya ko biyu, sannan ka ba shi wuta.

Wajen mayarwa ka duba hotonka. Kibiya ta kalli inda iska ke tafiya, raga ta ɓangaren shigowa, sel ya shige har ƙarshe. Ƙofar tana da makunnin tsaro, in ba ta rufu ruf ba wuta ba za ta shiga ba. Sau da yawa an kira ni wai na'ura ta mutu, ashe ƙofa ce ba a danna ba. Ɗaga bireka, kunna esi, fitila ta kama. Danna maɓallin gwaji, in ka ji tas guda, lafiya lau. Jin tas jefi-jefi ba komai ba ne, wata babbar ƙwayar ƙura ce ta faɗa. Amma in ya ƙi tsayawa, kashe: ko da sauran ruwa, ko faranti ya lanƙwashe, ko guntun waya ya maƙale. Za ka iya jin wani ɗan wari irin na shagon hoton takardu, iskar ozon ce da tartsatsin wuta ke haifarwa. Kaɗan ba laifi. In ya yi ƙarfi har yana kama maƙogwaro, kashe filtar ka kira mai gyara, musamman in da mai asma a gidan, don ozon na tayar da ita. Akwatin wutar kansa kuma kada ka buɗe shi, wannan namu ne.

Af, masu sayo na'ura daga Amurka: a duba takardar jikinta. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. In da tiransifoma aka haɗa ta, kada wani ya zare shi wajen share-share.

Filtar esin bango aikinta bai kai haka ba. Duba rimot, in ka ga maɓalli mai rubutun Plasma ko Ion, ko alamar ɗan itace, to akwai ta. LG na kiran tasu Plasmaster, Panasonic kuma nanoe-G. Kashe esin, zare shi daga soket ko ka kashe makunnin bango, ka jira 'yan mintoci, sannan ka ɗaga murfi. Ragogi biyun nan na roba duk sati biyu suke son wanki, da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shanya a inuwa, don rana na nannaɗe su. A bayansu, a wasu na'urorin, za ka ga wani ɗan akwati siriri mai farantai ƙanana. Wani ana zare shi a jiƙa kamar yadda na bayyana, wani kuma ba ya son ruwa sam, sai buroshi. Littafin na'urar ko takardar da ke manne a murfi za ta gaya maka, kuma a nan kam kada ka yi kirdado. Wasu kuwa ba farantai gare su ba, wani ɗan tuntu ne baƙi kamar bakin buroshin fenti kusa da mafitar iska. Busasshen buroshin haƙori ya ishe shi. 'Yan falle-fallen nan masu launi, kore ko baƙi na gawayi, da ake saƙalawa a jikin raga, karkaɗe su ake yi, in sun gaji a canza; ruwa na kashe su.

Don Allah kuma a daina fesa maganin sauro ko turaren feshi a bakin esi yana aiki. Abin da ke cikin gwangwanin yana kama wuta, ciki kuma akwai tartsatsi. Ko bai kama ba, ragowarsa ce ke daskarewa a wayoyi.

Kamfanoni sukan ce a wanke babban sel duk wata ɗaya zuwa uku. Ni a Legas, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke saukowa har ka kasa hango ƙarshen gada, duk wata nake cewa. Gidan da ke bakin Ikorodu Road ko hanyar Apapa, ko wanda janareton maƙwabci ke huci a tagarsa, shi kam duk wata ne shekara zagaye. Sauran, wata bibbiyu da damina ya wadatar. Wanda ke ganin wahala ce ya tuna cewa ƙurar da filta ta saki a kwayil take sauka, kwayil mai datti kuma ya fi shan wuta. Tun da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ba na shan wahalar fahimtar da masu gida wannan lissafin.

A gidan Hajiya sai da muka yi jiƙo uku. Na kira ta ta ga ruwan farko kafin a zubar, ta riƙe haɓa ta ce, "Innalillahi! Wannan duk a ɗakina yake?" Na nuna wa yaron gidan yadda ake riƙe sel da inda ba a taɓawa, na manna farin salatif a ƙofar na'urar na rubuta kwanan wata da biro, na ce duk wanda ya wanke ya ƙara nasa a ƙasa. Sel ɗin muka bar shi a baranda gaban fanka, na ce sai gobe da hantsi zan dawo in mayar.

Ina haɗa kayana ta ce, "To Malam, turaren fa? Don ka sani ba dainawa zan yi ba."

Na ce, "Hajiya, wa ya isa? In za ki sa, a kashe esin, ki turara ɗakinki yadda kike so, kaya da labule su kama. In hayaƙin ya lafa, a ɗan buɗe taga, sannan a kunna."

Ta ce za ta gwada. Da na koma bayan wata ɗaya, jiƙo biyu muka yi.